ZARE: Ba wanda ya saci fasuwad ɗinsa, amma an ci kuɗin Kawu da sunansa

1/
Yau zaren tarihi ne, amma zan fara da abin da ya faru a gidanmu a Wurma. An shiga Facebook ɗin ƙanena, an karɓi kuɗin Kawunmu da sunansa, alhali ba mahalukin da ya san kalmar sirrinsa. Ta yaya? Amsar ta faro tun 1994. Ku biyo ni a sannu. 🧵

2/
Yaron ya je Dutsin-Ma buga takardar rajistar makaranta a wani kafe. Yana jiran a miƙo masa takardar, ya ce bari ya ɗan leƙa Facebook a kwamfutar da ke gabansa. Ana cikin haka aka ɗauke wuta. Takarda ta riga ta fito, sai ya biya kuɗinsa, ya hau mashin ya dawo gida.

3/
Bayan kwana biyu Kawu ya kira ni daga Kaduna: "Kai, ya jikin ƙanen naka? Na tura abin da ya samu." Na ce Kawu wane jiki kuma? Ga shi nan gabana yana shan rake. Ashe saƙo aka tura masa wai yaron ya faɗi a kan mashin, wayarsa ta fashe, a turo dubu 15 ta asusun wani mai POS.

4/
Abin da ya fi kuɗin ciwo, gida ya rabu biyu. Wasu na cewa shi ya shirya abinsa. Shi kuwa sai rantsuwa yake: "Wallahi Yaya ban taɓa ba kowa fasuwad ɗina ba." Kuma gaskiyarsa. Ɓarawon bai ma nemi fasuwad ba. Kujera ya tarar da ɗuminta, ya zauna.

5/
Kafin mu je Turai, mu tsaya a asibiti. Ranar farko da ka je an yanka maka kati. Ɗan ƙaramin mai lamba shi ake ba ka ka tafi da shi gida. Babban fayil ɗin da likita ke rubutu yana can ɗakin kati. In ka dawo, lambar kawai za ka miƙa a zaro maka fayil ɗinka.

6/
Riƙe wannan da kyau, shi ne duk zancen. Ƙaramin katin shi ne kukin da ke cikin wayarka. Lambar da ke jiki ita zan riƙa ce wa lambar zama. Ɗakin kati shi ne rumbun adana bayanan kamfanin. Sai dai ma'aikacin wannan ɗakin ba ya ɗaga kai ya kalli fuska. Duk wanda ya miƙo katin, shi ne kai.

7/
To tarihi. A 1989 wani Baturen Ingila, Tim Berners-Lee, yana aiki a cibiyar binciken kimiyya ta CERN kusa da Janiba, ya kawo shawarar haɗa takardun masana ta yadda za ka danna ɗaya ta kai ka ga wata. A 1991 abin ya fito fili. Shi ne shafukan yanar gizon nan da muke kwana a kai.

8/
Ƙa'idar da ya tsara don burauza ta yi magana da saba, wato HTTP, ba ta da tunani ko kaɗan. Ka nemi shafi, a ba ka, a manta da kai. Ka sake nema bayan daƙiƙa ɗaya, sabon baƙo ne kai. Kamar mai shagon da za ka juya baya ka juyo ya ce maka sannu da zuwa, daga ina?

9/
Ba kuskure ba ne fa. Don karatun takardu aka yi abin, kuma takarda ba ruwanta da wa ke karanta ta. Rashin tunanin ma shi ya sa saba ɗaya ke iya sallamar mutane da yawa ba ta gaji ba. Matsala ta taso ne ranar da 'yan kasuwa suka hango kuɗi a wurin.

10/
Ka shiga shago, ka zaɓi takalmi, ka wuce shafi na gaba ka zaɓi hula. Ka zo biya, shago ya ce wane takalmi? Bai san kai ne na ɗazu ba. In babu hanyar tuna mutum daga shafi zuwa shafi, ba ciniki, ba asusun banki, ba Facebook, ba komai.

11/
Dabarar farko da aka gwada ita ce a liƙa lambar mutum a jikin adireshin shafin. Tana aiki, amma ka ga inda gizo ke saƙa: ka kwafi adireshin ka tura wa abokinka ya ga takalmin, ashe har da katinka ka haɗa masa. Ya danna, ya faɗa cikin asusunka.

12/
Sai 1994. Wani matashi mai suna Lou Montulli, wanda tun yana jami'ar Kansas ya yi aiki a kan burauzar Lynx, ya koma sabon kamfanin da daga baya aka sani da Netscape. A watan Yunin shekarar ya zauna kan wannan matsala ta mantuwa.

13/
Kamfanin sadarwa na MCI ne ya kawo musu aikin kasuwar intanet. Buƙatarsu: ba sa son sabobinsu su ɗauki nauyin riƙe cinikin da mutum ya fara bai ƙarasa ba. A nemo yadda za a ajiye shi a kwamfutar mai sayen. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

14/
Akwai masu cewa a ba kowace burauza lamba ɗaya ta dindindin, duk shafin da ka je ya gane ka da ita. Montulli ya ƙi, don ya ga hakan zai ba da damar bin sawun mutum duk inda ya sa ƙafa. Ya ce kowane shafi ya ba da nasa katin, kuma shi kaɗai za a riƙa mayar wa.

15/
Ga yadda abin yake. Shafi ya miƙa wa burauzarka 'yar gajeriyar takarda. Burauza ta adana. Duk lokacin da ka sake neman wani abu a wannan shafin, sai ta haɗa da takardar ba tare da ta tambaye ka ba. Sunan kuki kuwa aro ya yi daga wata tsohuwar kalmar masu shirya manhaja. Ba ruwansa da biskit.

16/
Ranar 13 ga Oktoba 1994 burauzarsu ta fito da kuki a ciki. A 1995 Internet Explorer ta Microsoft ta bi sahu. Jama'a ba su ma san ana ajiye musu wani abu ba, sai da jaridar Financial Times ta buga labarin ranar 12 ga Fabrairu 1996. A Fabrairun 1997 aka fitar da ƙa'idarsa a rubuce, RFC 2109.

17/
Mu koma ga buƙatar MCI: kaya su zauna hannun mai saye. Da aka fara aiki da ita sai matsaloli suka fito. Na ɗaya, kuki ƙarami ne, kusan kilobayit 4. Na biyu, abin da ke hannun mutum yana iya gyara shi. Ka ba majinyaci fayil ɗinsa ya tafi gida, wata rana zai rubuta wa kansa magani.

18/
Haka aka yi ta yi kuwa. Shafin da ya rubuta farashi ko matsayin mutum a cikin kuki, sai mai wayo ya buɗe ya canza. Daga nan masu gina shafuka suka juya tsarin: fayil ya dawo gidan kamfani, a bar wa mutum lamba zalla. Wato abin da MCI ta guda tun farko, shi aka dawo aka rungume.

19/
Lambar kanta ba ta ɗauke da sunanka ko wani bayani naka. Nuni kawai take yi ga wani wuri a saba. A shekarar 2000 harshen PHP na 4 ya fito da wannan tsari a shirye. In ka taɓa ganin PHPSESSID a adireshin wani tsohon fotal na makaranta, to ka ga katin da idonka.

20/
Da farko PHP a ƙananan fayiloli take ajiye bayanan, a kan sabar da ta karɓe ka. Lafiya lau in saba ɗaya ce. Amma da shafi ya girma ya zama saba goma, sai ka shiga ta ɗaya, dannawa ta gaba ta kai ka ta bakwai, ita kuwa ba ta san ka ba. Sai ka ga an watso ka waje.

21/
Kamar asibiti mai ɗakin kati goma ne, kowanne da nasa kabad. Magani? A tara fayiloli a wuri ɗaya wanda kowa zai iya leƙawa. Nan ne rumbun adana bayanai ya shigo. Aka buɗe tebur guda, duk wanda ya shiga shafin a ba shi layi ɗaya a ciki.

22/
Layin nan yawanci abin da ke cikinsa: lambar zama, asusun wa ce, yaushe aka buɗe ta, yaushe aka ga motsinta na ƙarshe, da wace irin na'ura, daga wane adireshin intanet, da ranar da za ta mutu. Yanzu haka da kake karanta wannan zaren, kana da irin wannan layi a wani rumbu.

23/
Django, da ta fito a 2005, kai tsaye a rumbu take ajiyewa, a teburin da ake kira django_session, kuma in ba a canza ba sati biyu ne wa'adin. Da cunkoso ya ƙaru aka koma ga rumbuna masu sauri: Memcached da Brad Fitzpatrick ya yi a 2003, da Redis ta Salvatore Sanfilippo a 2009.

24/
Don haka ranar da ka rubuta kalmar sirri, sau ɗaya ake duba ta. In ta yi daidai, saba ta ƙirƙiri lamba, ta rubuta a tebur, ta ba wayarka kwafi. Daga nan duk hoton da ka buɗe, duk saƙon da ka tura, lambar ce ke magana a madadinka. Fasuwad ya gama aikinsa tun a bakin ƙofa.

25/
Wani zai ce to ba sai in yi ta canka ba har in dace da ta wani? Da can an yi shafukan da ke ba da lamba a jere, ka ƙara ɗaya ka zama maƙwabcinka. Yanzu lambar ta kan kai bit 128 da aka zaɓo barkatai. Yawan irinsu adadi ne mai lambobi 39. Canka ba ta ci, shi ya sa ake sata.

26/
Babban amfanin teburin nan bai wuce wannan ba: abin da aka rubuta ana iya goge shi. A goge layi, katin da ke hannun kowa ya zama takardar tsire. A Yulin 2008 Gmail ta ba mutane damar fitar da kansu daga wata kwamfuta daga nesa. Facebook ta kawo nata a 2010, WordPress a 2014.

27/
Yanzu mu dawo gida. Duk wannan tsari an gina shi ne da zaton mutum ɗaya, kwamfuta ɗaya. Mu kuwa ba haka muka shigo ba. GSM ta zo Najeriya a 2001, amma intanet ɗin yawancinmu a kafe muka fara taɓa ta, kwamfuta ɗaya mutum ashirin a wuni.

28/
A 2011 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ma tana nan. A 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya. Rajista, duba sakamako, biyan kuɗin makaranta, neman aiki, duk suka koma fotal. Ɗan Wurma ko ɗan Kurfi da ba shi da laftof, kafe ce ofishinsa.

29/
Ƙara da yadda muke da waya. A bar ta shagon caji tun safe. A ba mai gyara ba a kulle ba. Yaya ya sayi sabuwa ya ba ƙane tsohuwar. A sayar da ita a kasuwa ba a goge ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan, miƙa katin asibitinka ne ga wani.

30/
Kun tuna Satumbar 2021, zamanin Gwamna Masari, da aka katse sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda 'yan bindiga? Da Kurfi da Dutsin-Ma duk muna ciki. Sai a Disamba aka dawo da ita. Wata uku waya ta zama tocila da rediyo, sai wanda ya yi tafiya neman sabis.

31/
Ranar da sabis ya dawo na lura da wani abu. Na buɗe Facebook, ya wuce da ni kai tsaye kamar jiya muka rabu. Na buɗe wani fotal, ya ce rubuto kalmar sirri, ni kuwa na manta ta. Bambancin? Layina na can bai mutu ba duk tsawon watannin. Na fotal ya daɗe da cika wa'adi.

32/
Kowane kamfani shi ke yanke tsawon ran katinsa. Manhajar banki ka ajiye waya 'yan mintuna ta kore ka, kana ta tsaki. Ba wulaƙanci ba ne, gata ne. Kafofin sada zumunta kuwa so suke ka zauna, sai su bar kati ya yi watanni. Sauƙin da kake ji, shi ɓarawo ma yake ji.

33/
Satar katin ita ma tana da tarihinta. A Oktoban 2010 wani mai shirya manhaja, Eric Butler, ya saki Firesheep, ɗan ƙari a kan Firefox. Ka zauna inda ake amfani da buɗaɗɗen Wi-Fi, sai sunaye da hotunan mutanen wurin su jero a allonka. Ka danna mutum, ka zama shi.

34/
Dalili: a lokacin shafuka da yawa suna ɓoye kalmar sirri a hanya, amma kukin da ke biyo baya tsirara yake tafiya. An kulle ƙofa an bar taga. Butler ya yi ne don ya kunyata kamfanonin, kuma ta biya. Twitter ta kunna wa kowa HTTPS kai tsaye a 2012, Facebook ta kammala a 2013.

35/
Kafin nan ma, a 2002, Microsoft ta ƙaro wata alama mai suna HttpOnly, wadda ke hana rubutun da aka cusa a shafi karanta kuki. A 2011 aka sake rubuta ƙa'idar kukis gaba ɗaya, RFC 6265. Kullum haka ake: ɓarawo ya gano rami, a toshe, ya koma wani.

36/
Akwai kuma masu cewa wahalar tebur ta isa. Maimakon a riƙa leƙa rumbu kowace dannawa, a rubuta bayanin a jikin katin a buga masa hatimin da ba a iya kwaikwaya. Shi ne irin su JWT, da aka daidaita ƙa'idarsa a 2015. Kun ga an sake komawa tunanin MCI, sai dai wannan karon da hatimi.

37/
Yana da sauri, ba musu. Amma in an sace irin wannan kati, me za ka goge? Babu layi. Sai dai ka jira ya mutu, ko ka buɗe littafin katunan da aka soke, wanda shi ma tebur ne. Shi ya sa masu amfani da shi ke gajarta ransa, su ajiye na sabuntawa a rumbu. An gudu ba a tsira ba.

38/
In kuwa aka sace abin buga katin kansa, sai innalillahi. A 2017 Yahoo ta bayyana cewa masu kutse sun saci hanyar da take ƙera kukinta, suka riƙa buga na jabu a 2015 da 2016. Asusu kusan miliyan 32 abin ya shafa. Ba su buƙaci kalmar sirrin kowa ba.

39/
Ranar 28 ga Satumba 2018 Facebook ta sanar da cewa an saci makullan shiga ta wata ɓaraka a maɓallin da ke nuna maka yadda wasu ke ganin shafinka. Da farko ta ce asusu miliyan 50, daga baya ta ce kusan miliyan 30. Matakin da ta ɗauka: soke makullan mutum miliyan 90 a lokaci guda.

40/
A Maris 2023 aka ƙwace tashar Linus Tech Tips a YouTube, mai mabiya sama da miliyan 15, kuma sana'arsu kenan koyar da fasaha. Wani ma'aikacinsu ya buɗe fayil da ya zo a matsayin tayin talla, ashe ƙwayar cuta ce. Ta kwashe kukis ɗin burauzarsa ta aika. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

41/
A nan mutane ke ruɗewa: "Ai na sa tsaro mai mataki biyu." Madalla, ka kyauta, kar ka cire. Amma lambar da ake turo maka ta tes mai gadin ƙofa ce. Wanda ya samu katin wanda ya riga ya shiga, ba ta ƙofa zai bi ba. Yana cikin ɗaki tuni.

42/
Shi kansa teburin abin tsoro ne. In aka kwashe shi, an kwashe katin duk wanda ke ciki a lokacin. Don haka masu hankali ba sa ajiye lambar yadda take. Sai su niƙa ta da lissafin da ba ya komawa baya, irin SHA-256, su ajiye garin. Ka kawo kati, a niƙa a gwada. Ɓarawo ya samu gari, ba ya mayar da shi tsaba.

43/
Ta fuskar doka: muna da dokar laifukan intanet ta 2015, wadda ta haramta shiga kwamfuta ko asusun wani ba izini. NITDA ta fitar da ƙa'idar kare bayanai a 2019, sannan a Yunin 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanai. "Na tarar a buɗe" ba hujja ba ce. Ƙofar maƙwabci a buɗe ba ta halatta maka akuyarsa.

44/
To mu koma kan ƙanena. Da aka ɗauke wuta kwamfutar ta mutu, amma kukin yana nan a burauza, layinsa kuma na nan da rai a rumbu. Aka tada janareta, wani ya zauna, ya buɗe Facebook, ya tarar da akwatin saƙon mutum. Ya karanta ya gane wa ake kira Kawu. Shi kenan.

45/
Abin da ya taimake mu, bai iya canza kalmar sirrin ba, don sai an rubuta tsohuwar. Na karɓi wayar yaron, muka shiga saiti, ɓangaren tsaro, inda ake jera na'urorin da asusu ke buɗe a kansu. Guda biyu muka gani: wayarsa, da wata kwamfuta mai Windows, ranar da ya je Dutsin-Ma.

46/
Na ɗauki hoton allon tukuna, sannan na danna fitar da ita. Daƙiƙa biyu. Wani layi ya mutu a wani rumbu da ba mu san ma ƙasar da yake ba, katin da ke kafe ya tashi daga aiki. Muka canza kalmar sirri, muka bi duk wanda aka tura wa saƙo muka ba shi haƙuri.

47/
Hoton na tura wa Kawu, na kira shi na yi masa bayanin katin asibiti kamar yadda na yi muku. Ya yi shiru, can ya ce, "Ba ni shi." Na ji yana ce wa yaron, "Ka yafe ni, na zarge ka." Kuɗin dai ba su dawo ba. Amma yaron ya ci tuwo a daren, bayan kwana biyu yana juya cokali.

48/
Mai kafen ban ɗora masa ba, ba shi ya zauna a kujerar ba. Na dai roƙe shi ya saita burauzoji su riƙa goge komai in an rufe su. Mu ma da namu: in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Don haka ga aikin gida, yau ba gobe ba.

49/
Buɗe Facebook, Gmail, Instagram, TikTok da nan X, ka duba jerin na'urorin da ke ciki. Wadda ba ka gane ba, fitar da ita. Kar sunan gari ya ruɗe ka, kana Kurfi yana iya nuna Kano ko Legas, saboda hanyar da layinka ke bi. Irin na'ura da kwanan wata za ka duba.

50/
WhatsApp ma haka. Tun 2015 ake iya buɗe shi a kwamfuta, kuma minti ɗaya ya isa wanda ya ari wayarka ya haɗa tasa na'urar. 'Yan'uwa mata musamman, ku leƙa wajen na'urorin da aka haɗa. In kin ga wadda ba ke kika sa ba, wani na karanta hirarki. Cire ta yanzu.

51/
A kafe ko wayar aro: buɗe tagar sirri ta burauza, in ka gama danna fita, ba rufe shafi kawai ba. Rufe shafi tashi ne daga kujera, fita kuwa yaga kati ne. In wuta ta ɗauke kafin ka fita, kar ka kai gida sai ka fitar da kwamfutar ta wayarka. Za ka sayar da waya, fita daga komai sannan ka goge ta.

52/
Ku kuma ƙannena masu koyon gina shafuka a FUDMA da sauran wurare: lamba ta zama barkatai, kar ku ƙirƙiro taku dabarar. A sabunta ta da zarar mutum ya shiga. A niƙa kafin a ajiye. A sa mata wa'adi. In an danna fita a goge layin a rumbu, ba kukin kaɗai ba. An canza kalmar sirri, a kashe sauran.

53/
Kuma don Allah ku sa shafin da mutum zai ga inda asusunsa ke buɗe, da maɓallin fitar da kowa. Masu amfani da fotal ɗinku a kafe za su shiga, da wayar aro, wuta na ɗaukewa. Ku gina don su. Wannan ɗan jerin shi ya wanke ƙanena a gaban dangi.

54/
Nan zan tsaya. Wanda ya duba nasa ya tarar da baƙuwar na'ura, ya faɗa mana a ƙasa, ba sai ya sa hoto ba. Ku tura wa na gida, musamman iyayen da ake roƙo da sunan 'ya'yansu: kafin a tura kuɗi, a kira a ji murya. Allah ya tsare mu da dukiyarmu da mutuncinmu.